Sa Hannun Babban Injiniya: Daga Mudun Kasuwar Litinin Zuwa Fiffiken Jirgin Yaƙi

Wannan shiri na masu sauraro ne na cikin Yerwa, wato Maiduguri, da kewaye, musamman 'yan Kasuwar Litinin da rediyo ke rataye a bakin rumfunansu. Shirin na yau ya shafi aikin babban injiniya a manyan kamfanonin da ke ƙera jiragen sama da kayan yaƙi, wato mutumin da fasinja ba ya ganinsa a filin jirgi, ba a kuma cika jin sunansa a labarai ba, amma babu jirgin da ke barin ƙasa sai ya bi ta ƙarƙashin alƙalaminsa. Za a fara da bayanin ko shi wane ne, a shiga maganar awo da gwaji, a zo kan sa hannu wanda shi ne ƙashin bayan aikin, sannan a leƙa Kaduna a ga inda Najeriya ta kwana.

Kashi na farko, wane ne babban injiniya?

Jirgin sama ba baƙo ba ne a Maiduguri. A shekarar 1925, jiragen sojan saman Birtaniya guda uku da suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar sun ya da zango a nan kafin su ƙarasa Kano ranar 1 ga Nuwamba. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, tun daga 1940, ana sauke jiragen yaƙi cikin manyan akwatunan katako a tashar ruwan Takoradi da ke Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan zuwa Alƙahira, kuma dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Mutanen garin sun ga matuƙa, sun ga kanikawa, amma wanda ya zana jirgin yana can wata uwa duniya. Har yau, idan ƙarar jirgin Alpha Jet ta ratsa saman kasuwa, ƙarar aikin injiniyoyin kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus ce ake ji.

Ya kamata a rarrabe mutum uku. Akwai matuƙi, wanda ke tashi da jirgi. Akwai injiniyan gyara, wanda ke duba lafiyar jirgin a rumfar jirage bisa lasisin da hukumar kula da sufurin sama ta ba shi. Sannan akwai injiniyan ƙira, wanda ke zaune a kamfanoni irin su Boeing da Lockheed Martin na Amurka, ko Airbus na Turai, ko Embraer na Brazil, yana lissafa kaurin kowane falle da ƙarfin kowace ƙusa tun jirgin bai wanzu ba. Babban injiniya shi ne wanda ya daɗe a cikin wannan aji na uku har aka yarda ya riƙa yanke hukunci a kan aikin wasu, yana duba lissafin na ƙasa da shi, yana horar da sababbi, kuma idan sassa biyu suka yi saɓani shi ake kai wa ƙara.

Saɓanin kuwa kullum ne. Kamfanin Boeing ya ce jirginsa samfurin 747 yana da sassa kimanin miliyan 6, rabinsu ƙusoshi da notuna ne, saboda haka babu kan mutum ɗaya da zai ɗauke shi. Masu gangar jiki suna son ƙara kauri, masu inji suna son ƙarin wurin mai, masu lantarki suna son hanyar wayoyi, sojan da ya ba da kwangila yana son sulke da makami, alhali nauyin da jirgi zai iya ɗagawa ƙayyadadde ne. Duk ɗan dako da ya taɓa yi wa mota lodi a bakin kasuwa ya san wannan lissafin: buhun da aka ƙara a baya, wani abu ne zai sauka. A jirgi, kilo ɗaya na sulke kilo ɗaya ne da aka rage daga mai ko daga kaya. Yanayin wuri ma yana shiga lissafin, domin a watan Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, iska takan yi shara-shara, fiffike ya rasa abin dogaro sosai, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Ƙurar hunturu kuma tana gurzar farfelolin cikin inji kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Wunin babban injiniya yana ƙarewa ne a kan irin wannan ciniki, tsakanin taro da karanta rahoto da bin zane layi-layi, kuma mai tsammanin zai same shi da sifana a hannu zai sha mamaki, domin jan biro ya fi yawa a aljihunsa.

Kashi na biyu, awo da gwaji.

Kowace mai cefane ta san mudu suna ne guda, amma girmansa ya danganta da kasuwa. Mudun wannan gari daban, tiyar wancan gari daban, kuma idan aka aiki yaro da kuɗin mudu biyar ba a faɗa masa na wace kasuwa ba, rigima ce ke jiran dawowarsa. Irin wannan kuskure ya taɓa cinye kumbo sukutum. A watan Satumba na 1999, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars, kuma bincike ya gano cewa manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana ba da ƙarfin tunkuɗa ne da ma'aunin fam na Ingilishi, alhali masu sarrafa kumbon suna karanta lambobin a matsayin ma'aunin mita da kilo. Tsakanin ma'aunan biyu akwai tazarar ninki huɗu da kusan rabi. Kowane ɓangare ya yi lissafinsa daidai, amma ba a auna da mudu ɗaya ba. Shi ya sa wurin da aikin sashe ɗaya ke haɗuwa da na wani, wato mahaɗa, nan ne babban injiniya ke kafa ido fiye da ko'ina. A sake saurara: a mahaɗa ake samun ɓaraka.

Daga awo sai abin da masana ke kira gajiyar ƙarfe. Mai sauraro ya ɗauki guntuwar waya ya lanƙwasa ta, ya miƙe ta, ya sake lanƙwasawa. Ba za ta karye a karon farko ba, ba kuma a na biyar ba, amma wurin lanƙwasar zai yi ɗumi, ya yi fari-fari, can sai ta ɓalle ba tare da an ƙara ƙarfi ba. Haka jikin jirgi yake. Duk tashi ana cika cikinsa da iska don fasinja su iya numfashi a sama, jikin ya ɗan kumbura. Duk sauka kuma ya saki. Duniya ta koyi wannan darasi da tsada a 1954, lokacin da jiragen Comet biyu na kamfanin de Havilland na Ingila, samfurin da ya fara jigilar fasinja da injin jet, suka tarwatse a sama kusa da Italiya, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu. Masu bincike a Farnborough suka gina ƙaton tankin ruwa, suka nutsar da gangar jikin wani Comet, suka yi ta ɗura masa ruwa suna ragewa kamar yana tashi yana sauka, da lissafin tashi da saukar ya kai kimanin 3,000 sai jikin ya tsage daga kusurwar wata kafa mai siffar taga. Tun daga nan ake lura da kusurwoyi da ramukan ƙusa, kuma duk wanda ya shiga jirgi zai ga tagoginsa ba su da kusurwa mai kaifi.

Saboda haka doka ta ɗora wa masu ƙira wani rara. Ana lissafa nauyi mafi tsanani da fiffike zai iya gamuwa da shi a tsawon rayuwar jirgi, a ninka shi sau ɗaya da rabi, a ce dole ya jure wannan ba tare da ya karye ba. Kuma ba a yarda da lissafi kaɗai. A 1995, injiniyoyin Boeing sun ɗaure fikafikan jirgin 777 da igiyoyin ƙarfe suka yi ta jan su sama har suka ɓalle a kashi 154 cikin ɗari na wancan nauyi mafi tsanani, wato ɗan sama kaɗan da abin da doka ta nema. Wanda bai san aikin ba zai ce ai gara ya kai 200. Injiniya kuwa zai ce fiffiken da ya kai 200 an lafta masa ƙarfen da ba ya buƙata, kuma jirgin zai yi ta dakon wannan nauyi yana shan mai har ranar da za a ajiye shi.

Wani abin da ya bambanta wannan sana'a da garejin unguwa shi ne takarda. Bakanike zai iya zuwa layin 'yan kayan gyara ya zaɓi sabo ko ɗan Kwatano, ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ce zai yi. A jirgi, noti ɗaya ma yana da takardar asali da ke nuna inda aka narka ƙarfensa, da wanda ya ƙera shi, da wanda ya gwada shi, kuma ana ɗaure shi da sifana mai ma'auni zuwa adadin da aka rubuta, ba gwargwadon ƙarfin damtsen mai ɗaurewa ba. Kayan da ba su da takarda, ko da suna ƙyalli, ba sa hawa jirgi.

Kashi na uku, sa hannu, kuma nan ne zuciyar shirin.

A kasuwa, idan baƙo ya zo karɓar kaya bashi, ba a kallon fuskarsa, ana tambayar wa zai tsaya masa. Wanda ya tsaya ya san cewa idan baƙon ya gudu, ƙofar gidansa za a ƙwanƙwasa. Sa hannun babban injiniya tsayawa ce irin wannan: ya tsaya wa zane, ya tsaya wa lissafi, ya tsaya wa gwaji, kuma sunansa yana nan a kundin shekara talatin ko arba'in, muddin jirgin yana tashi. Darajar sa hannun kuwa tana cikin ikon hana shi, domin wanda ba ya iya cewa a'a, to i ɗinsa ba ta da nauyi.

Misalin da ake koyar da ɗalibai da shi shi ne na kumbon Challenger. Kamfanin Morton Thiokol ne ya ƙera rokokin da ke cilla shi, kuma a mahaɗar sassan rokokin akwai zoben roba mai toshe wuta, kwatankwacin robar da ke bakin tukunyar gas. Wani injiniya mai suna Roger Boisjoly ya rubuta gargaɗi tun a watan Yuli na 1985 cewa zoben yana da matsala. A daren 27 ga Janairu, 1986, shi da abokan aikinsa suka ba da shawarar kada a harba kumbon a cikin sanyin da ake hasashe, domin roba idan ta sha sanyi takan sandare ta kasa toshewa. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗi, manajojin kamfanin suka keɓe suka sauya matsaya, wakilin kamfanin a wurin harbawa, Allan McDonald, ya ƙi sa hannu, aka samu wani na sama da shi ya sa. Washegari, daƙiƙa 73 da tashi, kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. Abin lura shi ne ilimin yana nan, gargaɗin yana rubuce, amma jadawali da kwangila suka rinjayi lissafi. Makamancin wannan matsi ya sake bayyana a binciken jiragen Boeing 737 MAX biyu da suka faɗi, na Indonesiya a Oktoba 2018 da na Habasha a Maris 2019, inda mutum 346 suka rasu, bayan wata manhaja da ta dogara da na'urar awo guda ɗaya tak ta yi ta danna hancin jirgi ƙasa. A sake saurara: aikin babban injiniya sa hannu ne, kuma rabin sa hannu ikon ƙin sawa ne.

Ɓangaren tsaro yana ƙara wasu nauye-nauye biyu. Na ɗaya sirri. Ana binciken asalin ma'aikaci da bashinsa da tafiye-tafiyensa kafin a ba shi izinin ganin wasu takardu, yakan bar wayarsa a ƙofar ofis, kuma zai iya shekara goma a kan aiki matarsa ba ta san ko mene ne ba. Dokokin Amurka sun taƙaita wanda zai ga zanen makami, shi ya sa ɗan Najeriya mai digiri daga can zai iya samun ƙofar sashen farar hula a buɗe, ta sashen soja a rufe. Dokokin suna bin makamin har bayan an sayar da shi, kamar yadda aka gani a 2014 lokacin da Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, ana tsakiyar yaƙi a Borno.

Na biyu ya fi nauyi, kuma mutanen wannan jiha ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan sama ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira da ke Rann ta ƙaramar hukumar Kala-Balge, mutane da dama suka rasu, har da ma'aikatan agaji. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Injiniya ba shi ke zaɓar inda za a kai hari ba, wannan hukuncin kwamanda ne. Sai dai ingancin kyamarar da za ta bambanta taron biki da taron mahara, da sahihancin taswirar da ke cikin na'ura, da yawan matakan tabbatarwa kafin makami ya saki, duk a teburin zane ake tsara su. Injiniyan da ya ce nasa ƙira ce kawai, abin da ya biyo baya ba ruwansa, bai gama fahimtar abin da ya sa wa hannu ba.

Kashi na huɗu, Kaduna.

A 1964 aka kafa Hukumar Masana'antun Tsaro ta Najeriya, DICON, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina mata masana'antar bindigogi da harsasai a Kakuri. A shekarar ce kuma aka kafa rundunar sojan sama, aka kafa kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya. Daga ƙarshen shekarun 1980, kamfanin AIEP ya harhaɗa ƙananan jiragen horo masu suna Air Beetle kimanin 60 a Kaduna, bisa wani zane na Amurka. Cibiyar fasaha ta sojan sama, AFIT, wadda ta faro a 1977 a matsayin makarantar horar da ma'aikatan gyara, ita ce cibiyar aikin jirage marasa matuƙi: an ƙaddamar da Gulma a Disamba 2013, aka ƙaddamar da Tsaigumi a Fabrairu 2018 tare da haɗin gwiwar kamfanin UAVision na Fotugal. Wanda ya raɗa sunayen nan dai ya san Hausa, domin aikin jiragen kenan, su leƙo su kai rahoto. A Disamba 2019 kuma aka nuna motar sulke mai jure nakiya, Ezugwu.

To sai a ajiye wannan kusa da Brazil. An kafa Embraer a 1969, shekara biyar bayan DICON, ƙarƙashin jagorancin Ozires Silva, hafsan sojan sama kuma injiniyan da ya fito daga cibiyar koyar da fasahar jirage ta ITA da ke garin da kamfanin yake. Sun fara da ƙaramin jirgi, Bandeirante, suka sayar, suka gyara kurakuransa, suka ɗora wani a kansa. Ranar 22 ga Yuli, 2021, shida na farko daga cikin jiragen A-29 Super Tucano 12 da Najeriya ta saya a kan kusan dala miliyan 500 suka sauka a Kano, kuma zanen Embraer ne, an harhaɗa su a jihar Florida ta Amurka tare da kamfanin Sierra Nevada. Ƙanin da aka haifa bayan yayansa ya zama shi ke sayar wa gidan yayan kaya.

Bambancin ba na ƙwaƙwalwa ba ne, domin injiniyoyin Najeriya da aka horar a kamfanin Surrey na Ingila su suka gina tauraron ɗan'adam NigeriaSat-X da aka harba a Agusta 2011. Bambancin na ɗorewa ne. Makaranta tana yaye ƙaramin injiniya, amma babba sai aiki ya ƙera shi: sai ya ga zanensa ya zama ƙarfe, ƙarfen ya tashi, ya tsage a inda bai zata ba, ya gyara, ya shiga samfuri na biyu da wannan tabon a zuciya. Inda ake ƙaddamar da samfuri ɗaya a ɗauki hoto, kuɗi su tsaya, a yi wa hafsan da ya jagoranci aikin canjin wuri, to kowane sabon aiki daga farko yake farawa. Ko a layin maɗinka hular zanna, ba a kiran mutum gwani don hula ɗaya. A Nuwamba 2023 an sa hannu a sabuwar dokar DICON wadda ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu, kuma ma'aunin da ya dace a auna ta da shi shi ne ko za a samu ayarin injiniyoyi da zai zauna a kan aiki guda shekara goma sha biyar.

Kashi na ƙarshe gajere ne, na iyaye da matasa. Hanyar tana farawa daga lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai a sakandare. Ba lallai sai digirin injiniyan jirage ba, domin kamfanonin nan cike suke da injiniyoyin inji da na lantarki da na kwamfuta, kuma ana karanta irin waɗannan a Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, AFIT kuma yanzu tana ɗaukar ɗalibai farar hula. Digirin shekara biyar ne, da watannin koyon aiki a masana'anta, sannan shekarun aiki ƙarƙashin wani babba kafin majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, ta yi wa mutum rajista ya samu hatimin kansa. Yarinyar da ke riƙe wa mahaifinta littafin bashi a rumfa, tana rubuta kwanan wata da adadi da sunan wanda ya tsaya, ba ta goge kuskure sai dai ta ja masa layi ta rubuta gyaran a gefe, ta riga ta fara riƙe kundi yadda ake riƙe na jirgi, inda shi ma ba a yarda a goge rubutu ba.